Kafin Sayen Littafin Wasan Almara na Kan Tebur: D&D, Pathfinder ko Waninsu?

Wasan almara na kan tebur wasa ne da mutane kaɗan ke zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa da hannunsa, mutum ɗaya kuma ya zama jagora mai bayyana duniyar da ake ciki da mutanenta da dodanninta. Idan aka zo gaɓar da ba a san ko jarumi zai yi nasara ba, sai a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons (D&D a taƙaice) a Amurka a shekarar 1974, littattafan dokokin irin wannan wasa suka yi ta yawaita, kuma kusan dukkansu zanen bangonsu iri ɗaya ne, ga mai takobi, ga matsafi, ga dodo yana aman wuta. Wannan kamanni shi ke ruɗar mai saye, domin bambancin yana can ciki, a yadda kowane littafi ya tsara abin da zai biyo baya idan jarumi ya gaza, da irin aikin da yake bayar da lada a kansa. Hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce a ɗauki matsala guda, a ce ƙofa ce a kulle a cikin wani kogo, a duba yadda kowane wasa zai bi da ita.

A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014, jagora zai sa wa makullin lamba gwargwadon wuyarsa, misali 15, ɗan wasa ya jefa ɗan ludo mai fuska 20, ya haɗa da makin ƙwarewar jaruminsa. In jimillar ta kai, ƙofa ta buɗe, in ba ta kai ba tana nan a rufe, kuma abin da za a yi bayan haka ya rage ga jagora. Idan yanayi ya ba jarumi sa'a, sai ya jefa biyu ya ɗauki wanda ya fi girma, kuma wannan doka ɗaya ta sauke wa 'yan wasa lissafi mai yawa da ke cikin bugunan baya. Zuciyar wasan dai faɗa ne da bunƙasar jarumi daga mataki na 1 zuwa na 20, yana samun sababbin dabaru da sihiri a hanya, kuma ba a cika rasa jarumi da wuri ba. Babbar fa'idarsa ita ce yawan jama'arsa, domin shi ne aka fi samun abokan wasa da shiryayyun labarai da darussan bidiyo a kansa. Sai dai cikakken wasan littattafai uku ne masu kauri, na ɗan wasa da na jagora da na dodanni, faɗa guda kuma yakan cinye rabin zama idan jarumai sun yi nisa a mataki. A ganina, shahararsa hujja ce mai ƙarfi ga wanda ba shi da abokan wasa tukuna, amma ba ta isa hujja ga waɗanda suka riga suka haɗa kansu ba.

Pathfinder na kamfanin Paizo ya fito a 2009 daga jikin dokokin bugu na 3.5 na D&D, waɗanda lasisin da aka buɗe tun 2000 ya halatta wa kowa ya yi gini a kansu. Bugunsa na biyu, na 2019, ya kama tasa hanyar. Kowane jarumi yana da aiki uku a zagayensa, shi zai zaɓi yadda zai kashe su tsakanin tafiya da sara da ɗaga garkuwa, sakamakon jifa kuma hawa huɗu ne, domin wanda ya wuce lambar da 10 ya yi babbar nasara, wanda ya gaza ta da 10 ya yi mummunar faɗuwa. A gaban ƙofar nan, mummunar faɗuwa tana nufin ƙarfen buɗe makullin ya karye a hannun ɓarawo, wato jarumin da ya ƙware a buɗe makulli, kuma littafin ne ya faɗi haka, jagora bai ƙirƙira ba. Wannan ita ce falsafarsa gaba ɗaya, wato a rubuta doka ga kusan kowane hali domin kowa ya san matsayinsa. Mai son tsara jarumi dalla-dalla da auna kowane taku a kan taswira mai gida-gida zai ji daɗinsa ƙwarai, jagora ma yana samun sauƙi wajen auna ƙarfin dodanni. Wanda kuwa ba ya son karatun dokoki zai gaji tun a zama na biyu. Abin yabo a nan shi ne dokokin suna nan kyauta a shafin Archives of Nethys, saboda haka mutum yana iya auna nauyinsu kafin ya kashe kuɗinsa.

Akwai kuma waɗanda suka koma ga tsohon salo, kuma a nan ne mai saye ya fi buƙatar gargaɗi, domin littattafan ƙanana ne masu sauƙin karatu amma wasan ba shi da tausayi. Old-School Essentials sake tsara dokokin 1981 ne na Tom Moldvay da David Cook. A cikinsa ɓarawo ɗan mataki na 1 yana da damar kashi 15 cikin 100 kacal ta buɗe makulli, matsafi kuma yana farawa da sihiri guda ɗaya da makin rai da bai taka kara ya karya ba, sara ɗaya na iya gamawa da shi. Da gangan aka yi haka, domin a hana ɗan wasa dogaro da takardar jaruminsa. Abin da ake so shi ne ya tambayi jagora ta wane gefe ƙofar ke buɗewa, ya kasa kunne a jikinta, ya yanke ko zai ɓalle ta da ƙarfe alhali ya san ƙarar na iya jawo dodon da ke yawo a kogon. Ladan ma ya nuna inda aka dosa, kowane tsabar zinariya da aka fito da ita daga kogo maki ɗaya ne na ci gaba, kisan dodo kuwa ɗan kaɗan yake kawowa, don haka mai wayo yakan lallaɓa ya kwashe dukiya ya bar faɗa. Shadowdark na Kelsey Dionne, wanda ya fito a 2023, ya ɗauki wannan ruhi ya haɗa da jifa irin ta zamani, ya kuma ƙara wata dabara, sandar wutar da jarumai ke haskawa da ita awa ɗaya take yi a agogon gaske, ko ana gardama a tebur tana ci. Wanda ya ɓata mako yana rubuta tarihin jaruminsa zai sha takaici idan jarumin ya faɗa rami a zaman farko, kuma gara a faɗa masa haka tun kafin a fara.

Salo na huɗu ya sa labari a gaba. Dungeon World na 2012 ya ari tsarin Apocalypse World na 2010, inda ake jefa 'ya'yan ludo biyu masu fuska 6. Jimilla 10 zuwa sama nasara ce, 6 zuwa ƙasa kuma jagora ne zai jefo sabuwar masifa, sai 7 zuwa 9 da ke nufin an samu amma da tsada. Cikin hanyoyi 36 da jifar ke iya faɗuwa, 15 suna tsakanin 7 da 9 kafin a ƙara komai, wato wasan yakan yawan zama a wannan tsakiya. Ƙofar za ta buɗe, amma ɗan wasa zai zaɓi ko masu gadi su ji motsi ko ya yi asarar wani abu, ta yadda ko gazawa ba ta tsayar da labari. Jagora ba ya buƙatar dogon shiri, sai dai dole ya kasance mai saurin ƙirƙira a take, wanda ba kowa aka ba wannan baiwa ba, kuma masu son lissafin faɗa za su ga kamar ba ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsu.

RuneQuest na 1978 ya dace da mai son jarumi ya ƙware a abin da yake yawan yi, ba tare da matakai ba. Ironsworn kuma an gina shi yadda mutum ɗaya zai iya bugawa babu jagora, kuma ana samun kwafinsa na kwamfuta kyauta.

Wajen yanke shawara, ra'ayin wanda zai zama jagora ya kamata ya fi na kowa nauyi, tunda shi zai karanta littafin daga bango zuwa bango, shi zai yi shiri kafin kowane zama. Jagora mai son doka ta tsaya masa ya nufi Pathfinder, mai son yanke hukunci da kansa ya nufi tsohon salo, wanda kuma lokacin shiri ya yi masa ƙaranci amma bakinsa na da kaifi ya gwada Dungeon World. Idan har yanzu ba a san halin 'yan tebur ba, ƙaramin akwatin masu farawa na D&D ko na Pathfinder ya fi manyan littattafai dacewa, domin yana zuwa da 'ya'yan ludo da shiryayyun jarumai da gajeren labari, kuma zama biyu ko uku sun isa a gane ko mutanen faɗa suke so, ko bincike, ko hira da mutanen labarin. A kuma duba shekarar bugu kafin a biya. An sabunta manyan littattafan D&D daga 2024, Paizo ma ta sake fasalin nata a 2023 da sunayen Player Core da GM Core, kuma ko da yake tsoho da sabo suna iya tafiya tare, sabon jagora zai fi samun natsuwa idan kowa a tebur yana riƙe da bugu ɗaya.