Hattara da mai tallar "bindiga ɗaya, baki goma" a WhatsApp

Assalamu alaikum jama'ar Garwa, Pitowa, Gidar, Lagdo, har zuwa Marwa da Kuseri. Da farko na so in yi shiru, domin abin a gidana ya faɗa. Ƙanen matata aka yi wa, kuma shi da bakinsa ya roƙe ni in rufa masa asiri. Sunansa kam na rufe. To amma ranar Lahadin da ta wuce, a kasuwar Pitowa, wani mai sayar da buhuna ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, kai da ka yi aiki da masu farauta, duba mini wannan ko tana da kyau." Ina dubawa sai ga bidiyon nan dai, muryar nan dai, lambar waya ce kaɗai ta canza. Har ya tara kuɗin kafin alƙalami, yana jiran gari ya waye ya tura.

Ga yadda tallar take. Bidiyo ne gajere, ba ya kai minti ɗaya. Hannun wani Bature ya riƙe wata ƙaramar bindiga mai dogon baki, ya karya ta a tsakiya kamar yadda ake karya ta harbin zabi, ya cire katakon gaba, ya zare wani ƙarfe kamar ƙusa, baki ya fita, ya ɗauko wani bakin ya mayar. A bayan bidiyon sai saƙon murya da Hausa mai gauraye da Faransanci da 'yar Fulatanci, murya a kwance kamar ta mai wa'azi: "Alaji, bindiga ɗaya ce, baki goma. Na zomo daban, na gadu daban, na ɓauna daban, na ɓarawo daban." Ya ce kayan wani kamfanin farauta ne da ya rufe, suna ajiye a Duwala, da takardunsu, guda shida suka rage. A wurin ƙanen matata shida suka rage watanni huɗu da suka wuce. A wurin mai buhuna ma shida suka rage.

Abin da ya sa ƙaryar ke shiga shi ne bindigar akwai ta da gaske. Na yi shekara 11 ina tuƙi a wani sansanin farauta wajen Faro, ni ke goge bindigogi idan an dawo daga daji, kuma a tarin mujallun maigidana na fara saninta. Sunanta Contender. Wani Ba'amurke, Warren Center, ya tsara ta, kamfanin Thompson/Center da ke Rochester a jihar New Hampshire ya fitar da ita kasuwa a 1967. Harsashi ɗaya take ci, a harba, a karya, a zare kwanso, a sa wani. Ana canza mata baki kamar yadda bidiyon ya nuna, wani inci 10, wani inci 14, tun daga na ɗan ƙaramin harsashi mai lamba .22 har na .30-30 da .44 Magnum. A can Amurka mafarauta ke riƙe ta, da masu gasar harbin gumakan ƙarfe masu siffar kaza da alade da talotalo da rago, ragon yana tsaye a mita 200. A 2007 Smith & Wesson ya sayi kamfanin. Duk wannan mutum zai iya bincikawa ya samu, kuma ɗan damfarar ya san za a bincika. Shi ma yana cewa, "Ka duba intanet da kanka."

Ƙanen matata ya duba. Yana da gonar masara a bayan Lagdo, gadu da birai sun hana shi sakat, ga kuma labarin masu garkuwa da mutane da ke ta matsowa daga wajen Tuboro. Ban ga laifinsa a kan tsoro ba, duk wanda ke kwana a gona ya san wannan tsoron. Laifinsa ɗaya, bai tambaye ni ba sai da aski ya zo gaban goshi.

Sefa dubu 150 ya fara turawa ta Orange Money, kuɗin gangar jikin bindiga da baki ɗaya. Kwana uku sai aka ce kaya sun tashi amma duwan, wato 'yan kwastan, sun tare a hanya, dubu 85. Ya tura. Sai aka turo masa hoton wata takarda mai tambari da hatimi ja, da sunansa an rubuta da kuskure, aka ce izinin mallaka ne, sai an biya dubu 60 babba zai sa hannu. Ya tura, wannan karon zuwa wata lamba da wani suna, wai ta sakatare ce. Daga nan sai wayon ya fito fili, kuma nan ne nake so a saurara. Mutumin ya ce, "Patron, bakin da ka zaɓa na ƙananan dabbobi ne. Gadu ba zai ji shi ba. Ka ƙara bakin 7mm TCU, ka ƙara .30 Herrett, ai tafiya ɗaya ce." Kowane baki dubu 70, ya tura na duka biyun. Wanda ya riga ya zuba kusan dubu 300 ba ya son a ce dubu 70 ce ta hana shi.

Ba don Allah ya zaɓi waɗannan sunaye ba. Harsasan nan ba na shago ba ne ko a Amurka. Irin waɗanda masu sha'awa ke ƙirƙira ne a gidajensu, su da kansu suna yi musu laƙabi da kyanwar daji. Na .30 Herrett, Steve Herrett da Bob Milek suka fito da shi a farkon shekarun 1970, daga kwanson .30-30 da aka gajarta. Na 7mm TCU, Wes Ugalde ne, daga kwanson .223 da aka buɗa wa wuya. Akwai .375 JDJ na J.D. Jones, daga kwanson .444 Marlin. Mai irin wannan baki shi ke haɗa harsashinsa da hannunsa, da injin matsawa, da ƙarafan gyara kwanso na wannan lamba kaɗai, da littafin awo. To ka ga ko da bindigar ta iso hannunka, babu mai sayar da makamai daga Garwa har Yawunde da za ka je ka ce a ba ka kwali ɗaya. Wurin wa za ka koma? Wurinsa. Ya ma faɗa da bakinsa: "Harsashi kar ka damu, ina da mai cika mini." Ya sayar maka da akuya, igiyar tana hannunsa.

Da aka kawo mini maganar, na karɓi wayar na yi wa mai tallar tambaya biyu kamar mai son saye. Na ce ina son bakin .30-06 a kan Contender ɗin. Ya ce akwai. Na ce da .375 H&H na ɓauna. Ya ce akwai, har biyu. Nan na ajiye wayar. Gangar Contender ba a yi ta don ɗaukar ƙarfin waɗannan ba, shi ya sa kamfanin ya ƙera wata babba mai suna Encore daga baya, kuma bakin ɗaya ba ya hawa kan ɗaya. Wanda ya taɓa sayar da ko guda ɗaya ya san wannan kamar yadda mai gyaran babur ya san tayar mota ba ta shiga babur. Duk abin da ka ambata, shi "akwai" ne. Da na ce bakin igwa ma da ya ce akwai.

Amma kwali ya zo. Wannan shi ne abin da ya bambanta shi da sauran 'yan damfarar da ke kashe waya da zarar kuɗi ya shiga. Aka kira ƙanen matata daga tashar mota aka ce yana da saƙo, ba sunan mai aikowa, an naɗe da salatif kamar gawar Fir'auna. Ya kawo gidana bayan isha'i, hannunsa na rawa, ya ce, "Yaya, ka buɗe, ni na kasa." Muka shiga gareji muka rufe ƙofa. A ciki akwai tsummokaran atamfa, da guntayen bututun ruwa guda uku an shafa musu baƙin fenti, fentin bai ma gama bushewa ba sai da ya kama mini yatsa. Ɗaya har da zaren dunƙulewa a bakinsa, irin wanda mai aikin famfo ke yi. Gangar bindiga babu. Da aka kira mai tallar sai ya ce ai da gangan aka raba kayan saboda shingen jandarma, waɗannan bututun na ɓad-da-sawu ne, na gaskiyar suna tafe, a ƙara dubu 40 na direba.

A ƙasan kwalin kuma akwai leda baƙa da harsashi 20. Waɗannan su suka hana ni barci, ba kuɗin ba.

Na baje su a kan benci ƙarƙashin fitila. Rubutun gindinsu kala huɗu ne, wasu ma an goge shi da zarto. Wuyan kowane da sawun haƙorin filaya, inda aka matse kan da ƙarfin tsiya. Tsayinsu bai zo ɗaya ba, ana gani da ido. Biyu sun tsage a wuya, tsaga siririya kamar gashi. A gindin wasu an ɗiga jan farce. Na girgiza ɗaya kusa da kunne na ji albarushi na motsi, na girgiza wani na ji shiru, ko a cike yake maƙil ko babu komai, Allah kaɗai ya sani. Ɗaya kansa ya zare da kansa a hannuna, abin da ya zubo a takarda launi biyu ne, baƙi da toka-toka, wani gari wani tsaba.

Na ga yadda ake cika harsashi na gaskiya. Maigidana na da ɗaki na wannan aiki, da kwaɗo a ƙofa, kuma idan ya shiga ko shayi ba a kai masa. Albarushi ba da cokali ake ɗiba ba. Ma'auninsu sunansa giren, giram ɗaya ya haura giren 15, kuma sikelinsa yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren ɗin. Gwangwani ɗaya kaɗai ke hawa tebur a lokaci guda, don kar a gauraya. Albarushi iri-iri ne, wani na cin wuta da sauri wani a hankali, kuma awon da ya dace da wannan idan aka zuba na wancan ƙarfe ne zai tsage. Mutumin da ya shekara 30 yana wannan aiki bai taɓa yarda ya harba abin da wani ya cika ba, ko abokinsa ne. Ballantana wanda ba ka san fuskarsa ba.

Akwai wani haɗarin da ya keɓanta da bindiga mai baki da yawa. Tunda daga kwanson wani ake yin waɗannan harsasai, rubutun gindi ba ya faɗin gaskiya. Za ka karanta .223 alhali abin da ke hannunka ya zama wani abu dabam. Sananne ne a wurin masu harbi cewa .300 Whisper da ɗan'uwansa .300 Blackout kan shige cikin bakin .223 su zauna daram, a ja kunama, kai mai kauri ya rasa hanyar fita ta rami siriri. Ita kuma wannan ƙarama ce, babu dogon katako tsakaninka da ita. Tafin hannunka na kanta, fuskarka na bayanta.

Sai maganar doka, wadda ita ce garkuwar mutumin nan. A Kamaru dokar makamai da harsasai ita ce mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016. Izinin saye da riƙe bindiga daga hukumar mulkin ƙasa yake fitowa, da takardu da bincike, mutum ya kai kansa da ƙafarsa. Izinin farauta kuma na ma'aikatar gandun daji ne, shi ma dabam. Babu ɗayansu da ake turowa a hoto ta WhatsApp. Daga Amurka ma bindiga ko bakinta ba sa fita sai da lasisin gwamnatinsu. Harsashi kansa, ko babu bindiga, riƙe shi ba izini laifi ne, kuma a yankinmu da ake fama da Boko Haram a arewa da masu garkuwa a kudu, ba wanda zai tsaya sauraron labarin gadu idan an samu 20 a ɗakinka. Ɗan damfarar ya san haka sarai. Da ƙanen matata ya ce zai kai ƙara, dariya ya yi a saƙon murya: "Ka je, Alaji. Ka ce musu me ka saya?" Ina zargin ledar nan ma don haka aka sako ta, don bakin mutum ya rufu. Shi ya sa ba ku ji labarin ba sai yau, kuma na tabbata ba mu kaɗai ba ne.

Mu dai ba mu kwana biyu da harsasan nan ba. Na je wurin lawan ɗin unguwarmu na faɗa masa komai, shi ya shige mana gaba zuwa wurin jandarma, da ledar, da wayar, da duk rasiɗan tura kuɗi. An yi mana tambayoyi har la'asar, an rubuta, ƙanen matata ya sha faɗa irin wanda bai sha ba tun yana makarantar allo, aka sallame mu. Wanda abin ya same shi, kar ya goge saƙonnin, kar ya jefa harsasan a masai ko a kogin Binuwai inda yara ke wanka, kar kuma ya ce bari ya gwada ɗaya a bindigar wani. Ya nemi babba ya raka shi.

Jimillar abin da ya tafi sefa dubu 435, rabinsa bashi ne a kan masarar da ba a girbe ba. Matata har yau ba ta sani ba ko nawa ne, ta ɗauka dubu 100 ne, kuma idan ta karanta wannan ni da shi mun shiga uku. Mai buhunan Pitowa ya mayar da kuɗinsa aljihu, amma ya ce mini mutum biyu a layinsu sun riga sun tura na farko. Jiya da dare lambar farko ta dawo kan layi da sabon hoto, yanzu tabarau mai gani da dare yake tallatawa, guda shida suka rage. Bututun ukun suna nan a garejina, ɗaya na tokare ƙofa da shi.