Kafin ka kashe kuɗi a kan kayan koya wa yara magana da Turanci

Yara da yawa suna cin jarrabawar Turanci a rubuce, amma a ce su yi bayani da baki sai su sunkuyar da kai. Shi ya sa masu makarantu da iyaye ke neman manhajoji, bidiyo da kayan gwaji. Tambayar da za ka yi wa duk mai sayarwa guda ɗaya ce: wannan abin zai sa yaro ya buɗe baki, ko zai zauna ne yana kallo?

Manhajojin waya su ne mafi sauƙin samu. Khan Academy Kids kyauta ce, ba talla, an yi ta ne don yara 'yan shekara 2 zuwa 8. Duolingo ma tana da tsarin kyauta, tana kuma sa mutum ya maimaita jimla a makirufo, sai dai maimaitawa daban, hira daban. Waya ɗaya kuma ba ta wadatar da aji mai yara 50, ga kuɗin data ga caji. A gida suna da amfani. A makaranta ba zan fara da su ba.

Bidiyo da sauti sun fi dacewa da aji. BBC Learning English da shafin yara na British Council suna ba da darussa kyauta, VOA Learning English kuwa tana magana a hankali, yadda kunnen da bai saba ba zai kama. Ƙaramar sifika mai caji da katin memori sun isa. Majigi yana da daɗi, amma kar ka saye shi sai kana da sola ko inbata, kuma ajin na iya yin duhu da rana.

Inda na fi so a sa kuɗi shi ne darasin STEAM, wato haɗa kimiyya, fasaha, injiniyanci, zane da lissafi cikin aikin hannu. Ka ba yara huɗu bokitin ruwa, ƙusa, lemo da murfin gora, ka ce kowa ya faɗi da Turanci abin da zai nutse kafin a jefa. Nan take gardama za ta kaure. Wani ya ce "It will sink", wani ya ce "No, it is light", kuma ba wanda ya tuna yana jin kunyar kuskure, domin hankalinsa na kan bokitin. Haka ma haɗa batir da ƙwan tocila, ko gina gada da tsinken tsire. Akwatunan gwaji na ƙasashen waje suna da tsada, kuma idan wani ɓangare ya ɓace ba ka samun madadinsa a kasuwa. Mai kwamfuta zai iya sauke gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Colorado, wato gwajin kimiyya da ake yi a allon kwamfuta, waɗanda aka fara a 2002, ya yi aiki da su ba intanet. Manhajar Scratch ta jami'ar MIT ita ma tana sa yara su ƙirƙiri labari su naɗi muryarsu a ciki.

Idan kuɗinka kaɗan ne, sayi sifika, tara kayan gwaji daga kasuwar unguwa, sauran kuma ka biya wa malami horo kan yadda zai rage nasa surutun ya bar yara su yi magana. Kwamfutar hannu ta jira wani zangon.