Jan lallen da aka yi min a Unguwar Rogo, bayan mako biyu

Yau kwana 14 da aka yi min ƙunshin bikin ƙanwata, farcena har yanzu jawur yake, tafin ƙafa ne ya fara koɗewa. Da gangan na jira kafin in yi magana, domin ranar farko kowane ƙunshi kyau gare shi.

Maƙwabciyarmu ce ta raka ni gidan mai ƙunshin, can cikin Unguwar Rogo a nan Jos. Tun kafin in zauna na ce mata ban da dayis. Bara da ƙaramar Sallah na yi baƙin zane a wani shago, kwana uku hannuna ya ɗuri ruwa, ga ƙaiƙayi kamar in saɓule fatar, shatin fulawar ya kusa wata biyu bai ɓace ba. A asibiti aka gaya min sinadarin PPD ne, wanda ake sawa a rinin gashi, kuma jikin da ya ƙi shi sau ɗaya zai ci gaba da ƙin sa. Da na ba ta labari sai ta ce, "Hajiya, mai son ja sai ta yi haƙurin zama."

Na kuwa zauna. Garin lallenta tankaɗaɗɗe ne, tun dare ta kwaɓa shi da lemun tsami, ga ƙamshin mahallabiya. Ƙafa da salatif ta fitar da zanen, hannu kuma da leda mai tsinin baki, ba ta ko kallon hoto. Lalle ɗumi yake so, sanyin Jos kuwa kun san shi, don haka ta naɗe min ƙafafun ta ajiye kaskon garwashi a gefe har awa huɗu. Da aka ɓamɓare ruwan goro ya fito, gabana ya faɗi. Ta ce kada in taɓa sabulu sai gobe. Kwana biyu ya rine ya yi duhu, musamman a tafi, inda fata ta fi kauri launin ganyen ya fi samun abin kamawa.

Ina zaune ina tuna kakarmu, da take zura hannu cikin zunguru ta kwana da shi, babu fulawa babu komai, ja ne kawai har wuyan hannu. Adon nan ya daɗe ƙwarai, an samu lalle a gashin gawawwakin tsohuwar Masar. A 2024 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa shi cikin al'adun gado na duniya da sunan ƙasashen Larabawa 16, har da Sudan. Babu Najeriya a ciki, abin ya tsaya min a rai, mu da amarya ba ta tarewa sai an sa ta a lalle.

Inda na ga gazawa shi ne lokaci. Ƙarfe goma ta ce in zo, sai bayan azahar aka fara nawa, saboda 'yan uwan wata amarya sun cika ɗakin kuma babu bin layi. Salatif ɗin ƙafar hagu ma ya ɗan goce, zanen dunduniya ya haɗe. Na nuna mata, ta ba ni haƙuri, ta rage min kuɗi ba tare da na roƙa ba.

Babbar Sallah can zan koma, amma da sassafe, ranar da ba jajibiri ba, da safa mai kauri a jaka.