Wata takwas da Home Assistant a gidana na Garwa, ba tare da intanet ba

Tankin ruwa ne ya jefa ni cikin wannan harka. Gidanmu yana unguwar Yelwa, nan Garwa, kuma da wuya mako ya wuce ba a manta injin janyo ruwa a kunne ba, tanki ya cika ya tumbatsa, tsakar gida ta koma kamar bakin Binuwai da damina. Da farko na sayi wasu 'yan soket masu Wi-Fi a kasuwa, irin marasa suna ɗin nan. Kwana uku suka ishe ni sanin halinsu. In ka danna a waya, umarnin sai ya je wata kwamfuta a wata ƙasa kafin ya dawo ɗakin da kake zaune. Ranar da data ta ƙare, soket ya kurumce.

Shi ya sa na koma wa Home Assistant, manhaja ce ta kyauta ta sarrafa kayan wutar gida wadda Paulus Schoutsen ya fara a 2013. Na ɗora ta a kan Raspberry Pi 4, wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba. Sau ɗaya na nemi intanet sosai, lokacin saukar da ita da girka ta. Daga nan komai a cikin gida yake yawo: waya ta yi magana da na'urar Wi-Fi, ita kuma ta isar wa Pi. Ko katin SIM ban sa wa na'urar Wi-Fi ɗin ba.

Wajen tanki ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Na sa makunni mai yawo a saman ruwa, na haɗa shi da ESP32, wani ɗan ƙaramin allon lantarki mai Wi-Fi, na rubuta dokar tsayar da injin a cikin ESP32 ɗin kansa da manhajar ESPHome, don ko Pi ya mutu injin ya san lokacin tsayawa. Mai gyaran wutarmu ya hana ni haɗa injin kai tsaye, ya ce wutar da yake zuƙa a lokacin tashi za ta ƙone ƙaramin makunnin, dole a sa kontakta, wato babban makunni mai jure wuta mai ƙarfi, a tsakani. Na bi maganarsa. Tun ran nan ruwa bai sake zuba ba.

Fitilun waje na sa su a Zigbee, wata hanyar sadarwa marar waya ta ƙananan na'urorin gida, suna kamawa da faɗuwar rana. Manhajar da kanta take lissafa lokacin daga inda garin yake a taswira, ba ta tambayar kowa. A nan ne na sha kunya.

Wata rana aka ɗauke wuta tun azahar, ba a dawo da ita ba sai dab da magariba. Duhu ya yi, fitilu shiru. Sai can bayan an daɗe da yin isha'i, har mun kwanta, suka kama da kansu, suka kuma yi ta ci har hantsi. Inna ta leƙo da safe ta ce, "Kai yaro, gidan naka mai wayon shi ma makara yake yi?" Laifina ne, ban karanta da kyau ba. Raspberry Pi 4 ba shi da agogo mai batir a jikinsa, daga intanet yake karɓar lokaci. In babu intanet kuma wuta ta ɗauke, in ya farka sai ya ɗora daga inda ya tsaya, kamar wanda ya yi barcin awa biyar yana rantsuwa gyangyaɗi kawai ya yi. Duk wata doka da ta rataya a kan lokaci ta karkace ke nan. Maganin ɗan ƙaramin allo ne, DS3231, mai batir irin na agogon hannu. Wanda zai saya yanzu, Pi 5 da ya fito a 2023 yana da agogon a ciki, batir kawai za a ƙara masa.

Ɗaukewar wutar ta ci mini katin ajiyar Pi ɗaya, domin yankewa ana tsakiyar rubutu tana lalata shi. Yanzu Pi da na'urar Wi-Fi suna kan batirin sola, abin da suke ci bai taka kara ya karya ba. Zigbee ma tana da nata: na'urorin da ke jone da wuta su ne ke miƙa wa juna saƙo, to in wutar gari ta tafi, na'urar ƙofar zaure mai batir sai ta rasa mai kai mata magana, ga bangon siminti a tsakani. Sai da na mayar da ɗaya daga cikin masu miƙa saƙon kan layin sola.

Zafi kuwa, wanda ya san Maris da Afrilu a Garwa ba sai an yi masa bayani ba, ana haura digiri 40. Pi yana rage gudu in ya kai wajen digiri 80, don haka na sa masa ƙaramar fanka. Ita kuma fankar da hunturu ƙura take tarawa, duk wata sai na busa.

Abin da na rasa shi ne iko daga nesa. Da na je Ngaundare kwana huɗu ban ga komai na gidan a waya ba, kuma ban damu ba. Koyon ma ba na rana ɗaya ba ne, na yi dare da yawa ina fama da shi, duk da akwai shafukan bayani da Faransanci.

Uwargida ta gindaya sharaɗi tun farko: duk makunnin bango ya ci gaba da aiki da hannu. Saboda haka ƙananan makunnai na ɓoye a bayan na bango, ban sayi ƙwan fitila masu wayo ba, waɗanda da an kashe su a bango shi ke nan sun fita daga lissafi. Har yau Inna ba ta taɓa buɗe manhajar ba. Da yatsa take kashe fitilarta, a wayata kuma sai in ga ta kashe.