Maganin Benzhexol: Abin da Na Gani a Wata Goma Sha Huɗu da Kawuna Ya Yi Yana Shan Sa

Kawuna tela ne, kuma ya shafe fiye da shekara talatin yana ɗinkin kaftani da manyan riguna a Kano kafin hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko karkarwar ba ta zuwa sai ya ɗora hannun a cinya yana hutawa, inda babban yatsa da manuniya ke murza juna kamar mai jan carbi, amma da zarar ya ɗauki almakashi sai ta lafa. Daga baya kafaɗa da gwiwar hannun suka ƙage, har naɗe yadi ya zame masa aiki. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ya duba shi ya ce cutar Parkinson ce, wadda ta samo sunanta daga likitan Ingila James Parkinson da ya bayyana ta a 1817. Kawu yana da shekara 57 a lokacin, kuma da yake karkarwa ce ta fi damun sa, sai likitan ya rubuta masa benzhexol. Ni ne na ɗauki nauyin sayen maganin da lissafin shan sa, shi ya sa nake ganin ina da abin faɗa a kansa.

Benzhexol da trihexyphenidyl magani ɗaya ne, kuma a wasu wurare an fi sanin sa da sunan Artane. Yana zuwa a ƙwaya mai miligiram 2 da kuma mai miligiram 5. Yadda likitan ya yi mana bayani, a ƙwaƙwalwa akwai wasu sinadarai biyu da ke daidaita motsin jiki, wato dopamine da acetylcholine, kuma idan na farkon ya ragu kamar yadda ake samu a wannan cuta, sai na biyun ya rinjaya, jiki ya kama rawa da ƙagewa. Aikin benzhexol shi ne rage ƙarfin na biyun. Ba ya mayar da dopamine da aka rasa, saboda haka ba ya warkar da cutar kuma ba ya hana ta ci gaba. Ana kuma rubuta shi ga masu larurar ƙwaƙwalwa da magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine ke sa wa sandarewar wuya da rawar jiki.

An fara wa Kawu da rabin ƙwaya mai miligiram 2 sau ɗaya a rana, sannan aka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kai ƙwaya ɗaya sau uku a rana. Wannan adadi nasa ne shi kaɗai, bisa shekarunsa da lafiyarsa, kuma bai kamata wani ya ɗauke shi ya zama ma'auninsa ba. Cikin mako uku karkarwar ta ragu ƙwarai. Na tuna safiyar da na shiga shagonsa na same shi riƙe da kofin shayi cike, yana kurɓa ba tare da ya zuba a riga ba, ya dube ni ya ce, "Ɗana, yau ka ga hannun ya ji magana." Ƙagewar kafaɗar ma ta sassauta, ya koma yanka yadi da kansa. Amma nawar da ta kama shi wajen tafiya da miƙewa daga sujada ba ta canja ba, kuma likitan bai ɓoye mana ba tun farko cewa maganin ya fi tasiri a kan karkarwa fiye da jinkirin motsi, wanda levodopa, wato maganin da ke ƙara dopamine a ƙwaƙwalwa, ce ta fi dacewa da shi. Ta fuskar kuɗi kuwa, benzhexol ya fi levodopa araha nesa ba kusa ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga maganin da za a sha kullum.

Sinadarin da maganin ke danne wa ƙarfi shi ne kuma ke sa yawu da gumi su fito, hanji ya motsa, mafitsara ta saki fitsari, ido ya daidaita ganin abu na kusa, don haka illolinsa duk daga nan suke fitowa. Kawu ya yi fama da bushewar baki tun makon farko, kuma mai harhaɗa magani a kantin da muke saye ya ba shi shawarar ya riƙa sha kafin cin abinci, yana kurɓar ruwa a kai a kai. Taurin bayan gida ya zo daga baya, aka shawo kansa da ruwa da zogale da kuɓewa da gwanda. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne ganin kusa da ya koma dishi-dishi, domin tela da hannunsa ya daina rawa amma ya kasa ganin kafar allura bai gama fita daga matsala ba. Sai da aka canja masa tabarau.

Babban haɗarin da nake so mutanenmu su lura da shi shi ne zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, wuta ta ɗauke tun safe, Kawu kuma yana cikin shago mai rufin kwano, ga dutsen guga na gawayi a gefensa. Wajen azahar wani yaron shagon ya kira ni ya ce maigida yana magana ba kan gado. Da na isa na taɓa goshinsa, na ji shi zau kamar garwashi amma a bushe ƙayau, alhali kowa a shagon ya jiƙe sharkaf da gumi. Muka fitar da shi inuwa, muka jiƙa masa jiki da ruwa, muka wuce da shi asibiti. Likitan ya ce maganin yana hana gumi fita, jiki kuwa ba ya hucewa sai da gumi, sannan ya rage masa zuwa sau biyu a rana ya kuma hana shi aiki tsakanin hantsi da la'asar a lokacin bazara. An rubuta wannan gargaɗi a takardar da ke cikin kwalin, amma da Turanci ne kuma da ƙananan haruffa, kuma a ganina bai kamata a miƙa wa kowa wannan magani a ƙasa mai zafi irin tamu ba tare da an faɗa masa wannan da baki ba. Batun azumi ma haka yake, domin bushewar baki da rashin gumi da ƙishirwa idan suka haɗu ba wasa ba ne, kuma likita ne ya kamata a tuntuɓa tun kafin watan ya kama.

Kuskuren da ya zama nawa shi ne barin maganin ya ƙare. Kantin da muka saba ba su da shi, na yi sakaci har kwana uku suka wuce, jikin Kawu ya sandare fiye da yadda yake kafin a fara, ga rashin barci da rashin natsuwa. Ba a yanke wannan magani farat ɗaya; idan za a daina, likita ne zai riƙa ragewa a hankali. Haka kuma idan an manta da sha har lokacin na gaba ya kusa, ba a haɗa biyu. A cikin kwanakin nan ne wani maƙwabci ya ce mini in je kowane kemis in ce a ba ni Exol, ai shi ne. Gaskiya ne cewa Exol-5 benzhexol ne, amma mai miligiram 5 ne, wato ninki biyu da rabi na ƙwayar da Kawu ke sha, kuma da na biye masa na ba shi sau uku a rana, da na kai shi inda ba a so. Tun daga nan nake karanta adadin miligiram da lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kowane kwali kafin in biya, kuma nake sayen na wata mai zuwa tun da sauran na mako guda.

Sunan Exol ba baƙo ba ne a arewa, domin yana cikin ƙwayoyin da matasa ke sha don maye, kuma hukumar NDLEA ta sha kama shi da yawa tare da tramadol. Wannan ya sa kantin magani na ƙwarai ba zai sayar maka ba sai da takardar likita, kuma duk da cewa hakan ya taɓa sa ni komawa asibiti a ranar da ban shirya ba, na fi amincewa da kantin da ya ƙi ni fiye da wanda zai ƙirga mini ba tambaya. A shagon Kawu akwai samari huɗu masu koyon ɗinki, kuma ba don ina zargin kowa ba, kwalin yana gida a kulle, na rana ɗaya kawai yake fita da shi a aljihu.

Ba kowa ne maganin ya dace da shi ba. Kafin a rubuta wa Kawu an tambaye shi ko yana da hawan jinin ido, wato gilakoma, da ko yana wahalar fitsari irin wadda kumburin furostet ke jawo wa maza, domin benzhexol na iya tsananta duka biyun. Ga tsofaffi, musamman waɗanda suka haura shekara 65 ko suka fara mantuwa, yana iya kawo ruɗewa da gane-gane, shi ya sa likitoci ke ɗari-ɗari da ba su. An kuma gargaɗe mu game da haɗa shi da maganin mura irin su Piriton, ko maganin ciwon damuwa na amitriptyline, domin suna ƙara bushewa da jiri da ruɗewa, kuma yanzu ko maganin tari za a saya wa Kawu sai na nuna takardarsa.

Ga mai matsakaicin shekaru wanda karkarwa ce babbar damuwarsa, kuma yana da likita da ke bibiyar sa da wani a gida da ke ƙirga masa ƙwayoyin, ina ganin benzhexol ya cancanci kuɗinsa. Kawu yana ɗinki har yanzu, da safe da kuma bayan la'asar. A zuwanmu na ƙarshe likitan ya sa shi ya yi tafiya daga ƙofa zuwa taga ya dawo, ya lura da yadda yake jan ƙafar dama, ya ce lokaci ya yi da za a fara levodopa a kuma soma rage benzhexol a hankali, sannan ya tura mu a sake auna masa ido kafin wata mai kamawa.