Wurin kine da nike zuwa a Yamai saboda ciwon gaɓoɓi: abin da na yaba da abin da bai yi mini ba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun da anka fara ganina cikin kasuwar Wadata ina tahiya da ƙafata ba mai riƙe ni, tambaya guda ake ta yi mini, wai wane magani na sha. To ba magani kaɗai ba ne, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani a wurin kine, wato inda ake gyaran gaɓoɓi da motsa jiki da tausa, da nike zuwa nan Yamai, don wadda ke cikin irin halin da na shiga ta san abin da za ta tarar. Ba zan kama sunan wurin ba tunda akwai abubuwan da zan kushe. Na kuɗi ne dai, ba na gwamnati ba, gidan zama ne anka maida shi wurin aiki.

Ni tela ce, da hannu da ƙafa nike ci. Ciwon da ke gare ni likitoci na ce mishi poliyartirit rumatoyid. Ba sanyin ƙashin tsufa ba ne, ba kuma sammu ba ne duk da an sha gaya mini haka. Garkuwar jikin mutum ce da kanta, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa ta kama siririyar fatar da ke lulluɓe cikin gaɓa, wurin ya kumbura ya yi zafi ya tara ruwa, in an bar shi haka ya dinga cin guringuntsi har ya kai ga ƙashi. Yakan kama dama da hagu tare, yatsu, wuyan hannu, yatsun ƙafa, gwiwa, kuma da safe mutum ya tashi jiki a sandare ya fi awa guda bai saki ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke ɗauke da shi, kusan kashi 70 cikin 100 mata ne, ni ma a ɗakin jira mata na fi gani.

Likitana ne ya rubuta mini ordonansi ta kine bayan kumburin ya fara lafawa, lokacin cinyoyina sun zube, tashi daga kujera sai ɗiyata ta ɗago ni, almakashi kuwa ko ɗaga shi ba na iyawa balle in yanka shadda.

Abin da ya fara burge ni ranar farko shi ne ba su kwantar da ni sun hau tausa ba. Matar da ta karɓe ni, Madam muke ce mata duka, sai da ta karanta takarduna ɗaya bayan ɗaya, analiz ɗin jini na CRP da VS masu nuna yawan kumburi, da na anti-CCP mai taimakawa wurin gano ciwon, da hoton radiyo na ƙashin hannu. Ta ɗauko wata ƴar rula mai lanƙwashewa ta auna iyakar inda gwiwata da wuyan hannuna ke kaiwa ta rubuta, ta ce in matse yatsunta iya ƙarfina, ta ce in tashi daga kujera ban dafa komai ba, na kasa. Sannan ta ce, "Hajiya, faɗa mini abu uku da kike son ki koma yi da kanki." Na ce in riƙe almakashi, in ɗaura ɗankwali, in yi sujada. Ta rubuta su a saman katina, kuma wallahi duk abin da munka yi daga baya a kan ukun nan anka gina shi. Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya tun da ciwon ya fara, kowa ina ke miki ciwo, ba mai cewa me kike son ki iya.

Aikin hannu shi na fi jin daɗi. Akwai wata ƴar tukunyar lantarki da narkakken kakin parafin mai ɗumi, ki tsoma hannu ki fiddo, ki sake tsomawa har ya yi kauri ya rufe yatsu fari fat, a naɗe da leda da tawul ki zauna kamar minti goma sha biyar. In an ɓare shi yatsun nan sun yi laushi, to a nan ne aikin ke farawa don ɗumin ba shi ne maganin ba, buɗe hanya yake. Babban yatsa ya taɓa kan kowane yatsa, a dunƙule a buɗe a hankali, a matse soso mai taushi, a shimfiɗa tafin hannu kan tebur a dinga matso da yatsu ɗaya ɗaya wajen babban yatsa saboda ciwon nan karkatar da su yake wajen ƙaramin yatsa. Ta hana ni matse wanki da murɗawa, ta ce in rataya shi a famfo in danna da tafin hannu biyu, tukunya in ɗauka da hannu biyu, jaka in sa ta a damtse maimakon yatsu. Ta naɗa mini tsumma da roba a hannun almakashi ya yi kauri. Ƙaramin abu, amma shi ya maida ni teburin yanka.

Na ƙafa kuma ya fi wuya. Tawul ake naɗewa a sa ƙarƙashin gwiwa kina kwance, ki danna shi ƙasa ki ƙirga biyar ki saki, gaɓar ba ta motsa ba amma naman cinya na aiki. Daga nan ɗaga ƙafa a miƙe, daga nan tashi zauna daga kujera mai tsawo, sai a rage tsawon kujerar sannu sannu, sai tahiya tsakanin ƙarafa biyu da ake dafawa, sai keken da ba ya zuwa ko'ina. Na ji tsoro da farko don duk dangi cewa suke ki kwanta ki huta kada ki ƙarasa gaɓoɓin. Madam ta ce, "Hajiya ke tela ce, keken ɗinkin da anka ajiye shekara ba a taka shi ba, ya kike samun shi?" Ban sake musu ba. Ta kuma yi mini bayani cewa kwanciya na cinye naman jiki, kumburin shi ma na ci, kortizon, maganin rage kumburi da muke sha, shi ma in ya daɗe yana raunana cinya da ƙashi, ga abu uku sun taru kan mutum guda, kuma naman da ke kewaye da gaɓa shi ne ke ɗauke mata nauyi.

Akwai doka guda da suke nanatawa, na ga amfaninta sosai. In ciwon da motsa jiki ya tayar ya wuce awa biyu bayan an gama, to an zarce, gobe a rage. Ranar da ciwon ya taso kuwa, gwiwa ta yi suntum ta ɗau zafi, ba keke ba parafin, ƙanƙara ce a naɗe cikin tawul da motsi kaɗan kaɗan don kada gaɓar ta ƙage. Ba su taɓa ce mini ki daure ki cije ba.

Abin da ya sa na yarda da su har zuciya shi ne ba su taɓa nuna cewa aikinsu zai maye gurbin magani ba. Duk sabon zuwa sai Madam ta tambaye shi wace rana kake shan metotireksat, babban maganin ciwon nan, don maganin nan sau ɗaya ake shan shi a sati, wanda ya maida shi na kullum zai iya halaka kanshi. Ta tambayi asid folik da ake haɗawa da shi, ta tambayi yaushe rabonka da analiz ɗin hanta da na jini. Tana gaya wa mutane maganin yakan ɗauki sati 6 zuwa 12 kafin a ji aikinshi, kada a yar da shi a ce bai yi ba, kuma mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan shi, sai ta koma wurin likita. A gabana wata baiwar Allah ta ce ta daina kortizon tunda ta ji sauƙi, nan take Madam ta tsaida seyansi, wato aikin ranar, ta ce ta kira likitanta yau ɗin nan, don ba a yanke shi lokaci guda, ragewa ake a hankali. Haka take faɗa kan ƙwayoyin da masu talla ke yawo da su a faranti cikin rana, deksa da diklofenak, suna kwantar da ciwon yau amma diklofenak na cin ciki da ƙoda, deksa na tada suga da hawan jini, gaɓar kuma tana ci gaba da lalacewa a ɓoye.

To yanzu abin da bai yi mini ba, kuma da ciwon rai nike faɗa don wuri ne da nike so.

Randebu ba shi da daraja a wurin. A ce miki ƙarfe tara ki zo ki tarar da mutum shida duk an ce musu tara, ki zauna kan bencin katako marar majingina, kuma mai irin ciwonmu in ya daɗe zaune sandarewa yake, kafin a kira ki kin koma yadda kika tashi da safe. Ranar da mutane sunka yi yawa sai a kwantar da ke ƙarƙashin jar fitilar nan mai ɗumi ko a manna miki wayoyin lantarki masu tsikari a tahi a bar ki, a dawo a ce an gama, kuɗin kuma daidai da na ranar da anka yi aiki da ke sosai. Jika biyar nike biya duk seyansi, kuma so suke a biya na seyansi goma a dunƙule, ga kuɗin taksi ga na farmasi ga na analiz, ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗinkin da ta daɗe ba ta ɗinka ba. Na yi magana, na ce ni motsa jiki na zo koyo, ɗumi ina da shi a gida. Sun gyara mini, amma tsohuwar da ba ta iya buɗe baki ta yi magana fa?

Mace guda ce cikin ma'aikatan, in ba ta nan sai namiji, labulen da ke tsakanin gadaje kuma bai kai ƙasa ba. Na san matan da sunka koma gida saboda wannan kaɗai. Lokacin zafi, Afrilu da Mayu da Yamai ke wuce digiri 40, in wuta ta ɗauke grup ɗinsu ba ya jan komai sai fitila da fanka guda, parafin ya daskare. Amma wanda ya fi ƙona mini rai ban ɗaki ne. Na tsugunno ne, ba ƙarfen dafawa ko ɗaya, a wurin da rabin masu zuwa gwiwarsu ba ta lanƙwasuwa. Ƙofar shiga ma matakala biyu ce masu tsawo, mai keken guragu sai an ɗaga shi. Haba jama'a, wannan ai ba kuɗi mai yawa zai ci ba.

Ga ƴan uwana na Tawa da Madawa da Ƙonni da ke zuwa Yamai ganin likita, daga Tawa fiye da kilomita 500 ne, ba mai iya zaryar seyansi. Ku ce musu tun ranar farko kwanakinku ƙidayayyu ne, a koya muku na gida. Ba su da takarda mai zane da suke bayarwa, wannan ma gyara ne, ni ɗiyata ce ta ɗauki bidiyon Madam da waya tana nuna kowane motsi, da izininta, shi nike bi kowace safiya bayan na tsoma hannu cikin ruwan ɗumi. Kusan duk abin da ya ƙara mini ƙarfi da tawul da soso da kujera ake yin shi, kuma yawancin aikin a ɗakina na yi shi, su hanya sunka nuna suna gyara mini.

Inda nike yanzu, alhamdulillahi, ina yanka ina ɗinki amma da hutu tsakani, ɗankwali ni ke ɗaura abina, ina tahiya bayan la'asar cikin unguwa in rana ta yi sanyi. Sujada ce ban kai ba tukuna, kan kujera nike salla, kuma na samu natsuwa da hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, inda Annabi (SAW) ya ce mishi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefenshi. Muna dai aiki kan gwiwar. Yatsuna biyu da sunka riga sunka karkace Madam ta gaya mini gaskiya kine ba zai miƙe su ba, ƙoƙarinmu sauran kada su bi su, da dare ina sa musu abin ɗaurin roba da anka auna mini.

Wadda za ta je, ta nemi randebun hantsi wajen ƙarfe goma lokacin jiki ya saki, ta sa wando ƙarƙashin zane, ta riƙo duk takardunta da kwalayen magungunan da take sha da ruwan sha, kuma ta tambaya tun a waya ko macen tana nan ranar. Ni ina ci gaba da zuwa sau ɗaya a sati, kuma maganar ban ɗakin na kai ta wurin mai wurin da kaina, ya ce za a sa ƙarfe da kujera, ina nan ina jira in gani.