Kekuna a tirelar kwana: a baya, a gaba, ko a cikin mota?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwanmu mazaunin Amurka ya kawo tambaya. Ya sayi tirelar kwana, irin ɗakin nan mai tayoyi da ake ja da mota zuwa wuraren shaƙatawa, sai ya tarar da maƙalar ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai faɗin inci 2, a bayanta. Kekunansa huɗu ne: biyu masu batir, nasa da na uwargida, da ƙanana biyu na yara. Da a-kori-kura yake jan tirelar. Yana so ya sani ko ya cusa maɗaukin kekuna a wannan maƙala, ko ya nemi wani wuri.

Allah ya sanya alheri, ɗan'uwa, ya kuma tsare hanya. Ganin maƙala a baya ba ya nufin ta dace da kekunanka. Bari in jera maka wuraren, ka ga inda kowanne ya fi da inda ya gaza.

Bayan tirela shi ya fi daɗin amfani, babu musu. Yana ƙasa-ƙasa, ka ɗora keke ka sauke ba tare da ka wahalar da bayanka ba, kuma bai tare maka komai ba. Amma a duk jikin tirelar nan ne jijjiga ta fi tsanani. Yawancin tirelolin nan a kan sifirin kawai suke zaune, babu shokozoba, ga kuma tazara mai tsawo tsakanin tayoyi da ƙarshen jiki. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarshe ta doguwar bas a hanya mai ramuka ya san yadda ake cilla mutum sama alhali na gaba bai ji komai ba. Haka kekunan za su yi ta sha awa da awanni, kai kuma kana gaba, madubinka ba ya nuna maka su. Idan walda ta tsage, sai dai wani direba ya yi maka hon, ko kuma keken ya faɗo gaban motar wasu bayin Allah. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna.

Saboda haka ka fara durƙusawa ka leƙa ƙarƙashi. Maƙalar nan a jikin shasi aka yi mata walda, ko a jikin bamba aka ɗaure ta da notuna? Bambar nan mai kusurwa huɗu, mai inci 4, bututu ne na ƙarfe marar kauri, kuma a cikinta ake cusa tiyon zubar da ƙazamin ruwa. Ba a yi ta don nauyin da ke rawa a nesa da ita ba, kuma ta sha yagewa daga mahaɗinta. In a bamba take, ka bar zancen baya gaba ɗaya, sai fa in ƙwararren mai walda zai kafa maka wata a shasi. In a shasi take, ka nemi takardar da aka manna kusa da ita, ko littafin tirelar, ka ga nauyin da aka yarda ta ɗauka. Nauyin maɗaukin kansa yana cikin wannan lissafi.

Shi ma maɗaukin, ba kowanne ba. Akasarin waɗanda ake sayarwa don bayan ƙaramar mota, kamfanoninsu sun rubuta ƙarara cewa kada a sa su a tirela, kuma in ka sa, garanti ya tashi. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don wannan aiki, irin Thule Range da Yakima LongHaul, sai dai iyakarsu kusan kilo 17 ce ga kowane keke. Keke mai batir kuwa yakan kai kilo 23 zuwa 30. Ka kuma karanta da kyau, don wani maɗaukin an yarda a sa shi a bayan motar kwana mai injinta, amma ban da tirela irin taka.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne nauyin da tirela ke dannawa a kan ƙugiyar mota. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar da kayanta. Duk abin da ka rataya a bayan tayoyi, ɗaga gaban yake yi. Ga misali. A ce tirelarka kilo 2,300 ce, tana danna kilo 275 a ƙugiya, wato kashi 12. A ce daga tayoyi zuwa ƙugiya mita 4.5 ne, daga tayoyi zuwa kekunan kuma mita 3. To kashi biyu bisa uku na duk abin da ka ɗora a baya zai fita daga ƙugiya. Kekuna biyu na yau da kullum da maɗaukinsu, kilo 50, za su rage kilo 33, ka dawo kashi 10 da ɗan ɗoriya. Da ƙyar ka tsira. Masu batir biyu da maɗauki mai ƙarfi, kilo 80, za su rage kilo 53, ka faɗo kusan kashi 9. A nan ne tirela ke fara kaɗa wutsiya idan babbar mota ta wuce ka, ko iska ta buge ka daga gefe, kamar yadda take yi a babbar hanyar I-80 a jihar Wayomin. Ƙarfunan raba nauyi da ake sa wa ƙugiya suna da amfani, amma ba sa gyara lodin da aka yi ba daidai ba.

Gaban tirela, a kan ƙarfunan nan biyu da suka haɗu a ƙugiya, kishiyar baya ne ta kowace fuska. Jijjiga kaɗan ce, kekunan suna cikin madubinka, nauyin kuma ƙara danna ƙugiya yake yi, abin da ke daidaita tafiya. Kamfanin Lippert na da maɗaukin Jack-It, wanda ake ɗaurawa a gindin jak ɗin da ke ɗaga gaban tirela, yana ɗaukar keke biyu har kusan kilo 36. Kamfanin Stromberg Carlson na da Bike Bunk, wanda ke zama saman tukwanen gas, iyakarsa kusan kilo 45. Matsalar gaban ita ce tsayi: sai ka ɗaga keke sama da ƙirjinka. Yana kuma takura maka wajen canja tukunyar gas, kuma a kwana mai tsanani keken na iya taɓa bayan motar. Ga kekunan yara, wuri ne mai kyau ƙwarai. Ga masu batir biyu, nauyin ya wuce iyaka.

Bayan a-kori-kura, tunda kana da ita, a ganina ya fi duka ga kekuna masu nauyi. Motar na da shokozoba, kekunan suna kusa da kai, kuma idan ka kwance tirela a masauki, kana iya tafiya da su duk inda kake so ku yi hawa. Abin lura ɗaya: a jikin ƙofar direba akwai takarda mai nuna iyakar lodin motar. Ku da yara, da kayan da ke baya, da abin da tirela ke dannawa a ƙugiya, duka a ciki suke, kuma lissafin na cika da wuri fiye da yadda ake zato. Ka sa kekunan su shige ciki sosai, a rufe ƙofar baya, kada taya ta leƙo ta haɗu da jak a kwana.

Cikin tirelar, daidai saman tayoyi, ba ya ɓata ma'auni, kuma ruwa da ƙura da ɓarayi ba sa kaiwa gare su. Amma in ba a ɗaure su tamau ba za su kankare maka kabad, ga ƙasa a ɗaki, kuma duk inda kuka tsaya kwana sai an fitar da su kafin a samu wurin shimfiɗa. Rufin mota kuwa ban ba ka shawara ba. Ɗaga kilo 27 sama da kai ba ƙaramin aiki ba ne.

Da ni ne, masu batir su shiga bayan a-kori-kura, a cire baturan a ajiye su inda rana ba ta dukansu. Na yara su hau gaba. Idan ka fi son baya don na yaran, to sai abu uku sun cika: maƙala a shasi mai rubutaccen nauyi, maɗaukin da aka yarda da shi a tirela, da awo. Ka je ma'aunin CAT Scale da ke tashoshin manyan motoci, ka auna da tirela da cikakken lodi bayan ka sassauta ƙarfunan raba nauyi, sannan ka kwance ka auna motar ita kaɗai. Abin da ya ragu a kan tayoyin motar shi ne nauyin ƙugiya.

In a baya ka ɗora su, ka sa ƙarfen matsewa don maɗaukin ya daina girgiza a cikin maƙala, ka ƙara igiya mai ƙarfi daga kekunan zuwa shasi. Kada ka lulluɓe su da tamfol, iska na kama shi ta ninka wahalar ƙarfen. Ka tabbata fitilun baya da lambar tirela suna bayyane, domin jihohi da yawa suna buƙatar jan ƙyalle ko fitila idan kaya ya zarce baya da ƙafa 4. Duk tsayawar shan mai, ka zagaya ka girgiza maɗaukin da hannu, ka duba waldar ko ta fara nuna tsaga.